Hannun Babban Malami

Wayar Lamyai ba ta taɓa yin ƙara irin na wannan makon ba, amma wanda take jira bai kira ba.

Zagi ne kawai ke shigowa. Mutanen da ba su taɓa ganinta ba sun san sunanta, sun san ajinta a kwalejin likitanci, sun san har mahaifiyarta gasa kaji take yi a bakin titi. Duk wannan bai dame ta ba kamar shirun saurayinta Sakda. Da wayar ta motsa sai ta duba da sauri, ta ga wani baƙo ne ke tambayar ko haka za ta riƙa ɗaukar marasa lafiya hoto in ta zama likita.

"Ki ci abinci ko ki ba ni," in ji Nuan, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya. "Shinkafar nan ta sandare. In na jefe ki da ita sai an yi miki ɗinki."

"Ba na jin yunwa."

"To kashe wayar."

"In ya kira fa?"

Nuan ta taɓe baki. "Gwarzon naki? Ai yana can ƙauye ya shige bayan zanen uwarsa. Ke kina nan kina ramewa, shi yana cin kwaɗon ɗanyar gwanda."

"Ba ki san shi ba, Nuan."

"Ke da kika san shi ga inda kike."

Lamyai ta juya fuskarta bango. Abin haushin shi ne, ko a wannan halin, da za a ce mata ga muryarsa na minti ɗaya, ko faɗa ne, da ta karɓa hannu biyu.

Duk ɗalibin likita a wajenmu yana da Babban Malaminsa, mutumin da tun yana raye ya ba da jikinsa a yi karatu a kansa. Ba mai ce masa gawa. Ana sanin sunansa, ana haɗa tafin hannu a gaishe shi kafin a ɗaga mayafi, ana ajiye masa furen yasmin a gefen kai. In shekara ta ƙare, ɗalibansa ne ke ɗaukarsa zuwa wurin ƙonawa, yadda muke yi wa mamatanmu, kamar 'ya'yan cikinsa. Doka ɗaya ce ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: waya ba ta shiga ɗakin.

Babban Malamin Lamyai sunansa Thongsuk, manomin shinkafa ne. Ranar da aka gayyato iyalai su ga ɗaliban da za su karɓi nasu, a ranar ta fara ganin ɗansa Sakda, dogon saurayi mai gyaran injinan noma, yana tsaye bayan mahaifiyarsa idonsa jajir. Daga gaisuwa aka koma musayar lamba, daga nan abin ya fi ƙarfinsu su biyun.

Sakda yana aikin gona a Koriya uban ya rasu. Kafin ya samu jirgi motar asibiti ta riga ta zo ta tafi. Kowa ya san abu na ƙarshe da ɗa ke yi wa uba: a miƙo hannun daman mamacin, ya durƙusa ya zuba masa ruwa, ya nemi gafarar duk abin da ya taɓa yi masa. Sakda bai samu wannan ba, kuma abin na cinsa.

Wata rana da yamma ya riƙe gefen rigarta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Lamyai, ke kina ganinsa kullum. Ni ko ƙofar ba za a bar ni in taɓa ba. Ki zuba masa ruwan a madadina. Ki ɗauko min hoton hannun kawai, in gani da idona. Ba fuska ba, hannun kawai."

Ta ce a'a. Ta sake cewa a'a. A karo na uku ta ɓoye waya a aljihun farar rigarta.

Da a nan abin ya tsaya, da babu wanda zai ji. Amma ranar da aka rufe darasi, 'yan ajinsu kowa na ɗora hoton furanni da kalaman godiya ga Malaminsa, sai zuciyarta ta cika ta tumbatsa. Ta ɗora nata a shafinta, inda aminai kaɗai ke gani: hoton nan na hannunta riƙe da na Babban Malaminta, da sunansa a ƙasa, da "Na gode, Baba." Godiya ce tsakani da gaskiya. Amma ni da na san Lamyai ba zan rufa mata asiri a nan ba: akwai ɗan son a san cewa ita ma ta zama 'yar gidan su Sakda.

Kafin azahar wani daga cikin aminan ya ɗauki hoton abin da ta ɗora ya tura wa shafin tsegumin garin. Su kuma, wai don girmamawa, suka shafe hannun da baƙin tabo, suka bar sunan mamacin da nata ɓaro-ɓaro. Kafin yamma wata maƙwabciya ta nuna wa Inna Buaphan, mahaifiyar Sakda, a tsakiyar kasuwa.

Tun ranar Sakda ya yi ɗif.

Safiyar da kwamitin ladabtarwa zai zauna, Lamyai ta sauko ta tarar da Mama, mahaifiyarta, a gaban ɗakin kwanan ɗalibai, ta sha rigar da take zuwa biki da ita. A gefenta ga Pong, ɗalibin shekarar ƙarshe, ɗan mai asibitin kuɗi na cikin gari, wanda ya daɗe yana bin Lamyai tana zillewa. Shi ya ɗauko Mama a motarsa.

"Kin ga ɗan halak," in ji Mama tun kafin a gaisa. "Tun da abin nan ya faru kullum sai ya zo ya duba ni. Wancan mai baƙin man fa? Ko ruwa ya aiko miki?"

"Mama, ba yanzu ba."

"Sai yaushe? Sai an kore ki? Shekara nawa ina shan hayaƙi a bakin titi don ki sa farar rigar nan, ki zo ki zubar da ita a kan mai gyaran taraktoci!"

Pong ya matso, muryarsa a tausashe kamar mai lallashin majiyyaci.

"Ƙanwata, ki saurare ni. Na san yadda zaman nan yake. In kika ce ɗan mamacin ne ya matsa miki, magana ta canza. Iyali ne suka nema, ke tausayi kika ji. Gargaɗi kawai za a yi miki."

Ta ɗago ta dube shi. "Yaya Pong, wa ya ce maka shi ya nema?"

Ya ɗan yi murmushi. "Haba, ai ko makaho ya gane."

Sunansa yana cikin aminan da suka ga hoton. Wannan tunanin ya ratsa ta, amma ba ta da hujja, ba ta kuma da ƙarfin nema.

"In na faɗa, uwarsa za ta ji," ta ce a hankali. "Shi kaɗai ya rage mata."

"Ke kuma ni 'ya'ya nawa gare ni?" Mama ta fashe da kuka. "Ki dube ni, Lamyai. Ki faɗi gaskiya ki tsira. Yaron da ya bar ki a rana, shi kike karewa?"

Lamyai ta durƙusa ta taɓa ƙafar mahaifiyarta, ta miƙe ta shiga.

Shugabar kwamitin dattijuwar farfesa ce wadda ba ta ɗaga murya. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Mutumin nan bai san ki ba ya ba ki jikinsa. Abu ɗaya ya dogara da shi, cewa abin da kika gani a ɗakin nan a ɗakin zai tsaya. Gobe mace za ta tuɓe a gabanki da wannan yardar. Kin gane abin da kika taɓa?"

"Na gane, Malama."

"Aminai kaɗai, kika ce. Waya ba ta da amini. Wani ne ya sa ki?"

Sunan ya zo har bakin harshenta. Ta tuna ranar da ta tura wa Sakda hoton, yadda ya kira ta ya kasa magana, sai numfashi.

"Babu. Ni na shiga da waya, ni na ɗauka, ni na ɗora."

Aka dakatar da ita zangon karatu guda. Aka kuma cire sunanta daga waɗanda za su ɗauki Babban Malami ranar ƙonawa. Na farkon ta shanye. Na biyun ne ta kasa shanyewa.

Washegari da safe ta hau a-kori-kura mai benci biyu zuwa ƙauyen su Sakda, da faranti a cinyarta: kyandirori da fararen furanni biyu-biyu, yadda ake yi in za a nemi gafarar manya. Nuan ta ce mata ta haukace. Wataƙila kuwa. Ta gaya wa kanta don Inna Buaphan za ta je, amma duk babur da ya wuce su sai ta leƙa ta ga ko shi ne.

Ta tarar da tsohuwar a ƙarƙashin gidan da aka ɗora bisa ginshiƙai, inda ta kafa masaƙarta. Ba ta daina saƙa ba. Can baya, wajen rumbun shinkafa, Sakda na tsugune gaban wani inji. Ya rame. Ya ɗago, idanunsu suka haɗu, ya sunkuyar da kai.

Wannan sunkuyar da kan ya fi duk zagin da aka yi mata ciwo. Duk da haka zuciyarta, marar kunya, murna take yi ta gan shi.

Ta cire takalmi, ta tafi da gwiwa har gaban tsohuwar, ta ɗaga farantin saitin goshinta.

"Inna, na zo neman gafara."

"Wa kike kira Inna?"

"Na yi laifi. Ban zo kare kaina ba."

Masaƙar ta tsaya. "Kin san inda na ji? Gaban mai kifi. Ina zaɓar kifi aka miƙo min waya, aka ce ga mijinki. Mata sun kewaye ni suna kallon fuskata su ga yadda zan yi. Mutumin da ko riga ba ya cirewa a gaban baƙo! Na ce masa kada ya sa hannu a takardar nan, ya ce bai yi karatu ba, bari jikinsa ya shiga jami'a. Dariya yake yi. Na bar shi saboda an ce 'ya'yan mutunci ne za su riƙe shi."

"Mun riƙe shi da mutunci, Inna. Kullum sai na gaishe shi. Kullum."

"Kika gaishe shi kika kai shi kasuwa."

Hawaye suka zubo wa Lamyai har cikin farantin. Hannayenta sun gaji, amma ba a sauke faranti sai an karɓa.

"Ranar da kika fara zuwa gidan nan na ce wa ɗana, wannan ta fi ƙarfinmu, likita ce, za ta raina mu. Ya ce ba haka kike ba. Na fara sakin jiki. Har na ɗaura miki zare a wuyan hannu da hannuna." Ta nuna farin zaren albarka da har yau ke hannun Lamyai. "Na gaya masa, ga ki ga shi yanzu ina maimaitawa: in dai ina numfashi, ba za ki shigo gidan nan a matsayin suruka ba. Tashi ki tafi."

Lamyai ta dubi wajen rumbu. Ko kalma ɗaya, Yaya Sakda, ta faɗa a ranta. Ko tari ka yi. Bai motsa ba.

Ta ajiye farantin a ƙasa, ta kai goshinta gaban ƙafar tsohuwar, ta miƙe. Ta sa takalmi ɗaya, tana neman ɗayan da ƙafa don idonta ba ya gani, sai ta ji muryar a bayanta, ƙasa-ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

"Ke 'yar nan."

"Na'am."

"Abin da aka nuna min, baƙin tabo ne kawai. Ban ga komai ba." Tsohuwar tana kallon zaren masaƙa, ba ta kallonta. "Na ainihin, yana wajenki?"

"Na goge, Inna. A gaban malamai na goge."

"Duka?"

"Duka."

"Ko ɗaya bai rage ba a duniya?"

Lamyai ta san inda ɗaya ya rage, a wayar Sakda, taku kaɗan daga inda take tsaye. Ta cije leɓe.

"Motar asibitin ta zo da wuri," in ji Inna Buaphan, kamar da kanta take magana. "Na shiga ɗebo ruwa a kwano in zuba masa a hannu, na fito na ga ƙurarsu. Sun ce in an jima jikin ba zai yi amfani ba. Ina tsaye da kwano." Ta share ido da gefen zane. "Ban nemi gafararsa ba. Da safen ranar faɗa muka yi a kan kaji."

Ƙarfe ya faɗi a wajen rumbu.

Sakda ya taho, hannunsa duk baƙin mai, yana goge shi a wando. Ya zube a gaban uwarsa ya miƙa waya da hannu biyu.

"Inna, yana nan. Ni na roƙe ta. Sau biyu tana ƙi, na yi ta kuka har ta yarda. An tambaye ta a makaranta, ta ce ba wanda ya sa ta. An dakatar da ita, an hana ta ɗaukar Baba. Ƙawarta ta rubuto min jiya, na karanta, na kasa buɗe baki. Tsoronki nake ji."

Tsohuwar ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta matso da ita.

Hannun ne. Ga ɗan yatsan da lauje ya taɓa gutsurewa, ga tsohon zanen tawada a wuyan hannu da ya yi tun yana saurayi. Ta ɗora yatsa a kan allon, ta bi shi a hankali.

"Mene ne wannan mai ƙyalli?"

"Ruwa ne, Inna," in ji Lamyai. "Na zuba masa. Na ce masa daga Yaya Sakda ne. Na sake zubawa na ce daga ke ne. Ban san ba ki samu yi ba. Na dai ga bai kamata in ambaci ɗa in bar uwa ba."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Inna Buaphan wanda Lamyai ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta rungume wayar ta duƙa a kanta, ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da take tsaye da kwano. Ba wanda ya taɓa ta. Kaji suka zo suka zagaya farantin suka wuce.

Da ta ɗago, sai ta miƙa hannu ta jawo farantin gabanta. An karɓa ke nan.

"Abin da kika ɗora wa duniya laifi ne, hukuncin da aka yi miki daidai ne, ba zan je roƙon kowa ba," ta ce. "Amma a layin ɗalibai suka hana ki. Layin dangi ni ke da shi. Ranar ƙonawa ki sa baƙi ki tsaya a bayana."

Lamyai ta rufe baki da hannu. Sakda ya ɗago da fuska a washe.

"Kai kuma rufe haƙoranka." Uwar ta juyo kansa. "Namijin da zai ɓuya a bayan yarinya ana jifanta, bai isa aure ba. Ɗanye ne. Ranar ƙonawa za a aske maka kai ka sa mayafi ruwan goro irin na masu zaman zuhudu don ubanka, kamar yadda ɗa ke yi. Amma ba kwana ɗaya za ka yi ka tuɓe ba. Ka zauna a gidan ibada har damina ta fita. In ka fito mutum, in ita ma tana da sauran buƙatarka, a yi magana."

Damina guda. Ba waya, ba saƙo. In ta gan shi da safe yana yawon karɓar abinci ba takalmi, sai dai ta durƙusa ta zuba masa shinkafa a kwano ba tare da yatsanta ya taɓa shi ba, don mace ba ta taɓa mai wannan mayafin. Akwai kuma waɗanda suke shiga don wata uku, su ji daɗin shirun, su ƙi fitowa har abada. Kowa ya san irinsu.

Ya raka ta bakin hanya, tazara a tsakaninsu kamar an riga an aske kan.

"Lamyai, ban cancanci ki jira ni ba."

"Gaskiya ne."

"Za ki jira?"

"Ni ma kullum tambayar da nake yi wa wayata ke nan, za ka kira?" Ta dube shi sosai, tana haddace fuskarsa da gashin da za a zubar. "Ka ji yadda abin yake."

Motar ta zo, ta hau. Bai daina tsayuwa ba har kwana ta ɓoye shi, ita ma ba ta daina leƙe ba, duk da ta rantse ba za ta waiwaya ba.

Sun yi nisa cikin gonaki, hadari ya fara haɗuwa, sai wayar ta yi ƙara a cinyarta. Ta duba. Sunan da ta kwana ta tashi tana jira ne a kan allo. Ta kai wayar kunne.

"Yaya Sakda?"

"Ni ce." Muryar tsohuwar ce. "Wayar ta dawo wajena. 'Yata, allon ya yi baƙi, hannun ya tafi. Ina ake taɓawa ya dawo?"